Sanarwar Bayan Taron Shekara na Masu Gudun Dogon Zango da Tseren Keke da Ninƙaya Don Sha'awa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ƙungiyarmu ta masu gudun dogon zango da tseren keke da ninƙaya ta gudanar da babban taronta na shekara a birnin Kano, a ranakun Asabar da Lahadin da suka gabata. Wakilan rassa sun halarta daga Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Bauci da Jos, sannan 'yan uwanmu na Maraɗi sun ƙetaro iyaka sun zauna tare da mu. A cikin mahalarta akwai malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya da direbobi da ɗalibai da dattawan da suka yi ritaya. Babu ko ɗaya a cikinmu da yake cin abinci da gudu. Kowa yana da sana'arsa da iyalinsa, gudun kuwa da asuba ake tsakuro masa lokaci kafin a tafi neman halali. An buɗe taro da addu'a, aka saurari rahoton rassa, sannan likitoci biyu daga cikin membobinmu da wani tsohon mai horar da 'yan wasa suka yi bayani. Bayan muhawara mai tsawo, wadda a wasu wurare ta yi zafi, taron ya cim ma matsayar da ke tafe.

Abin da ya fi cin lokacin ranar farko shi ne tsarin atisayen da membobi ke ɗaukowa daga intanet suna bi sau da ƙafa. Taron ya lura cewa yawancin waɗannan tsare-tsare an rubuta su ne domin mutanen da za su yi gudun fanfalaki a Landan cikin Afrilu, ko a Balin cikin Satumba, ko a Cikago cikin Oktoba, inda safiyar gasa takan zo da sanyi mai daɗi. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Katsina da Maraɗi yana haura digiri 40. Wanda ya ɗauki takardar da aka tsara wa mutumin Landan ya ce sai ya cika ta a bazararmu, yana jefa rayuwarsa cikin haɗari. Saboda haka taron ya amince ƙungiya ta tsara kalandarta da kanta, bisa yanayin ƙasarmu da gasannin da muke iya zuwa.

Gasar da membobi suka fi sa wa ido ita ce ta fanfalakin Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi cikin Fabrairu, mai nisan kilomita 42 da mita 195. Shirinta na neman mako 16 zuwa 20, wato daga Oktoba ke nan za a ɗaura ɗamara. Wannan ya yi mana daidai ta wani gefen, domin atisayen zai faɗo cikin kaka da hunturu, lokacin da safiya ke da sanyi. Amma likitocinmu sun ja hankali kan abu biyu. Na farko ƙura: ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ko mai tari ya haƙura da fita, sauran kuma su sassauta gudu. Na biyu shi ne wanda ya fi kayar da mutanenmu a Legas. Mutum ya yi wata huɗu yana gudu cikin busasshiyar iskar hunturu, inda gumi ke bushewa nan take ya sanyaya jiki, sai ya sauka a bakin teku inda iska ke jiƙe da laima, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, jiki ya yi ta ɗaukar zafi. Da yawa daga cikin waɗanda suka je sun shaida cewa kafin su sauka daga doguwar gadar nan ta uku ta Legas ƙarfinsu ya riga ya ƙare, alhali a gida sun sha yin irin wannan nisa lafiya lau. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Taron ya ba da shawarar cewa a makonni biyu na ƙarshe a riƙa matsar da wasu daga cikin gajerun gudu marasa sauri zuwa hantsi, kuma kowa ya tafi Legas da niyyar yin gudu ƙasa da saurin da ya saba a gida. Ga masu son gasar kilomita 10 ta Okpekpe da ke jihar Edo, wadda ake yi cikin Mayu a kan hanya mai hawa da gangara, shirinsu zai faɗo tsakiyar bazara, don haka ba a yarda su yi atisaye mai nauyi bayan rana ta ɗaga ba.

Game da yadda ake atisayen kansa, tsohon mai horarwar ya faɗi magana wadda taron ya ɗauka gaba ɗayanta. Ya ce ciwon da ya fi damun masu gudun sha'awa shi ne kowace fita sai sun mai da ita gasa. Manyan 'yan gudun duniya kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar kashi 20 ne kawai suke matsa wa jiki. Ma'aunin kuma ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan kana gudu ba ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana sai da haki, to ka wuce saurin da ya kamata. Ya kuma tuna wa matasa masu yawan ambaton Eliud Kipchoge, wanda ya yi fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a Oktoban 2019, cewa mutumin nan yana zaune ne a sansanin Kaptagat na ƙasar Kenya, yana gudun kusan kilomita 200 a mako, ya dawo ya ci ya kwanta, da masu yi masa tausa a gefe. Wanda zai tashi daga gudu ya wuce kasuwar Kwari ya wuni a tsaye, lissafinsa daban ne.

A kan haka taron ya yanke cewa ƙungiya ba za ta sa sunan kowa cikin tawagar cikakken fanfalaki ba sai ya shekara yana gudu a kai a kai, kuma ya taɓa kammala rabin fanfalaki, wato kilomita 21 da 'yan mitoci. Za a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, duk mako na huɗu a rage don jiki ya farfaɗo, kuma gudu mafi tsawo kafin gasa kada ya wuce kilomita 30 zuwa 32. Makonni biyu ko uku na ƙarshe na ragewa ne. Ciwon gwiwa ko na ƙwauri ko na agara da ya sa mutum ɗingishi, ko wanda ya kwana uku bai lafa ba, dalili ne na tsayawa a nemi likita.

Batun takalmi bai ja dogon zance ba. Yawancinmu na gwanjo muke saye, kuma babu laifi a haka, muddin an duba ƙasansa bai cinye ba kuma tsakiyarsa bai mutu ba. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa ba a san iyakar abin da ya riga ya ci ba, don haka a riƙa sauya shi da wuri. Ba a sa sabon takalmi ranar gasa. Wani matashi ya kawo hujjar cewa Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Rum a 1960 babu takalmi. Aka amsa masa cewa gaskiya ne, amma da Bikila ya sake cin zinare a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi gudun, kuma ya fi na farkon sauri.

Bayanin likitoci shi ne ya sa zauren ya yi tsit. Sun ba da labarin wani memba da ya faɗi dab da ƙarshen wata gasa, yana sambatu bai san inda yake ba, mutane suka kewaye shi suna yi masa fifita suna ƙoƙarin ɗura masa ruwa a baki. Allah ya yi da sauran kwanansa, domin an samu wata ma'aikaciyar jinya a kusa da ta san abin yi. Bugun zafi yana faruwa ne idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne ruɗewa, tangaɗi, faɗa ba dalili, ko suma, kuma mutum yana iya kasancewa jiƙe sharkaf da gumi a lokacin. Maganinsa na farko shi ne sanyaya jiki nan take, a wurin, kafin a nemi mota: a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya in da hali, in babu a yi ta kwarara masa ruwa da ƙanƙara ana fifita, ana sauya jiƙaƙƙun zannuwa. Rabin awar farko ita ce ke raba rai da mutuwa. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe komai a baki. Taron ya umarci kowane reshe ya tanadi babban baho da ƙanƙara a duk ranar dogon gudu, kuma ya tura aƙalla mutum biyu su koyi taimakon gaggawa da farfaɗo da bugun zuciya.

Likitocin sun kuma yi gargaɗi kan kishiyar ƙishirwa, wato shan ruwa fiye da kima. Mutum yakan ji tsoron bushewar jiki ya yi ta kwankwaɗar ruwa a kowace tasha har gishirin jininsa ya tsinke, abin da kan kumbura ƙwaƙwalwa ya kuma yi kisa. A binciken da aka yi wa masu gudun fanfalakin Bostan na 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun ƙare gasar da ƙarancin gishiri a jini, kuma abin ya fi samun masu tafiya a hankali da ke daɗewa a hanya, wato irinmu. Shawarar ita ce a sha gwargwadon ƙishirwa. Wanda yake son sanin yawan gumin da yake zubarwa ya hau sikeli kafin gudu da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Wanda nauyinsa ya ƙaru bayan gudu ya sha fiye da buƙata. A gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi jiki yana son gram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a kowace awa, kuma dabino da ayaba da ruwan gishiri da sukari suna biyan wannan buƙata ba sai an sayi kayan waje masu tsada ba. Abin da za ka ci ranar gasa, ka riga ka gwada shi a atisaye.

Taron ya amince cewa daga yanzu kowane memba zai kawo sakamakon awon hawan jini da na rukunin jinin sikila kafin a sabunta masa rajista. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Wannan ba ya hana gudu, kuma ba za a ware kowa saboda shi ba, amma mai AS ya fi shiga haɗari idan aka haɗa matsanancin gudu da zafi da ƙishirwa, musamman in ya fara da ƙarfi bai ɗumama jiki ba. Ya kamata ya sani, abokan gudunsa ma su sani. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa na kusa, sai likita ya duba zuciyarsa tukuna. Mai zazzaɓi kuwa, na cizon sauro ne ko waninsa, ba ya gudu har sai ya warke sarai, ko da ya biya kuɗin rajista da na mota.

Akwai maganar da taron ya ga ba za a rufe ta ba. An samu rahoton cewa wasu matasa suna haɗiyar tiramadol ko dikilofenak ko ibufurofen kafin dogon gudu don kada su ji ciwo. Magungunan kashe raɗaɗi irin dikilofenak da ibufurofen suna iya lahanta ƙoda idan aka sha su jiki na cikin zafi da ƙarancin ruwa. Tiramadol kuwa, ban da kama mutum da yake yi, tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Mun kafa wannan ƙungiya ne har da niyyar janye matasa daga shaye-shaye, don haka ba za mu zuba ido ƙwaya ta shigo mana ta bayan gida ba. Duk wanda aka tabbatar yana yi za a zauna da shi a yi masa nasiha a haɗa shi da likita. In ya sake, za a dakatar da shi daga sa rigar ƙungiya.

Azumi ya kawo saɓanin ra'ayi. A 'yan shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, kusa da lokacin gasar Legas, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Wasu sun ce su ba sa rage komai, wasu suka ce ajiye takalmi suke yi har bayan Salla. Taron ya bi tsakiya. Ba za a shirya dogon gudu na ƙungiya da rana cikin azumi ba. Mai so ya yi gudu marar nauyi na minti 30 zuwa 45 dab da buɗa-baki, ko ya bari sai bayan asham ya yi wanda ya fi wannan ƙarfi, a wuri mai haske kuma cikin jama'a. Watan na riƙe abin da aka samu ne, ba a neman ƙarin nisa ko sauri a cikinsa. Abin da ya shafi hukuncin addini kuma, kowa ya tambayi malamansa, ƙungiya ba ta da hurumi a nan.

Rana ta biyu kusan gaba ɗayanta ta tafi a kan gasar nan mai haɗa ninƙaya da keke da gudu a jere, wadda ake kira tirayatilon. An fara ta a siffarta ta yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, inda ake ninƙayar kilomita 1.5, tseren keke na kilomita 40, sannan gudun kilomita 10. Akwai gajeriyarta mai mita 750 da kilomita 20 da kilomita 5. Akwai kuma babbar, Ironman, wadda aka faro a tsibiran Hawayi a 1978, mai ninƙayar kilomita 3.8 da keken kilomita 180 da cikakken fanfalaki a ƙarshe. Wasu matasanmu masu ƙwazo sun zo da buƙatar ƙungiya ta taimaka musu su je Ironman da ake yi a Afirka ta Kudu. Taron ya yaba da himmarsu, amma bai amince ba, kuma ya ga ya dace a bayyana dalili dalla-dalla.

Dalilin shi ne ruwa. Da aka nemi waɗanda za su iya ninƙayar mita 750 ba tsayawa su ɗaga hannu, hannuwan da suka tashi ba su taka kara sun karya ba, har a cikin masu neman tafiyar. Ƙarfin gudu ba ya ceton mutum a tsakiyar ruwa. A binciken da aka wallafa a 2017 kan gasannin da aka yi a Amurka daga 1985 zuwa 2016, cikin mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, 90 a ɓangaren ninƙaya abin ya same su, kuma wannan a ƙasar da ke da jiragen ceto da masu aikin ceto a kowane lungu na ruwan. Mu a nan wuraren koyon ninƙaya kaɗan ne, yawancinsu na otal ne, gajeru kuma masu tsada. Wannan ya sa wasu suka fara zuwa madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa da Bagauda su kaɗai. Taron ya yi tir da wannan ɗabi'a. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan madatsai da tafkuna da magudanan ban-ruwa a ƙasarmu yana iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, ta jawo fitsarin jini ko ta lalata hanta a hankali. Duk wanda ya riga ya shiga irin wannan ruwa ya je a gwada shi. Maganinta, firazikwantal, yana nan kuma yana aiki.

Matsayar taron ita ce a bana ƙungiya za ta shirya gasar gudu da keke da gudu ce kawai, mai kilomita 5 da 20 da 2.5, wadda ita ma sananniya ce a duniya. A cikinta membobi za su koyi abin da ya fi ba sababbi mamaki, wato nauyin da ƙafafu ke yi idan aka sauka daga keke aka fara gudu, wanda ba ya sauƙi sai da maimaici. A gefe guda za a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don ɗaukar mai koyar da ninƙaya da kuma neman rangwame a wuraren wanka. Babu wanda zai shiga buɗaɗɗen ruwa da sunan ƙungiya sai ya yi mita 1,000 a wurin wanka ba tsayawa a gaban kwamiti. Ranar da aka kai ga wannan mataki, za a fara neman shawarar jami'an lafiya kan ruwan, a gaida sarkin ruwa na wurin a nemi izininsa, a ɗauki masunta da kwalekwalensu su raka masu iyo, domin su suka san inda ruwan ke da zurfi da inda taruna suke. Matasan da suka kawo buƙatar ba su ji daɗin hukuncin ba, sun kuma faɗi haka a fili. An sa biyu daga cikinsu a kwamitin ninƙaya, aka kuma ɗora wa kwamitin tuntuɓar hukumar tirayatilon ta ƙasa don neman horo da ƙa'idoji.

A kan keke, abin tsoron titi ne. Tsakanin tirela da tifa da adaidaita-sahu, mai keke ba shi da gata. Daga yau babu mai hawa cikin ayarin ƙungiya sai da hular kwano da birki mai kamawa gaba da baya. Dogon hawa za a riƙa yin sa ne da sanyin safiyar Lahadi, a ayari, da mota a baya ɗauke da ruwa da kayan faci. Keken da mutum yake da shi ya isa ya fara, ko da tsohon Raleigh ne. Kada tsadar keken tsere ta hana kowa shigowa.

Wakilan mata sun gabatar da kokensu, kuma taron ya saurare su da kyau. Sun ce abin da ke hana mata da yawa fitowa shi ne kallo da baƙar magana a titi, da rashin wurin da za su motsa jiki hankali kwance. Wata Hajiya daga cikin dattawan ƙungiya ta tuna wa zauren cewa sai a 1984 aka fara barin mata su yi fanfalaki a Olamfik, amma ga shi a 2024 Sifan Hassan ta ci zinaren fanfalaki a Faris, ta kuma hau dandamali ta karɓe shi sanye da hijabi duniya na kallo. Ta ce sutura ba ta taɓa hana ta gudu ba, abin da take nema shi ne fili da mutunci. Taron ya amince a kafa ɓangaren mata mai shugabancinsa, ya kuma yi kira ga hukumomin da ke kula da filin wasa na Sani Abacha a Kano da na Ahmadu Bello a Kaduna da na Rwang Pam a Jos, da sauran filayen jihohi da na makarantu, su ware wa mata wasu awoyi da safe. Haka nan a wuraren ninƙaya, tare da mace mai koyarwa. Likitoci sun ƙara da cewa mata masu dogon gudu su riƙa awon jini, domin ƙarancin jini ya fi yawa a cikinsu kuma yakan zo a siffar gajiyar da ba ta tafiya.

Reshen Jos ya miƙa goron gayyatar sansanin atisaye na mako biyu a yankin Jos da Fankshin, inda yawancin zaratan 'yan gudun dogon zango na Najeriya suka fito. Taron ya karɓa da godiya, tare da bayani ɗaya don kada a yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba: tudun Jos bai wuce kimanin mita 1,200 a saman teku ba, kusan rabin tudun Iten ta Kenya ke nan, saboda haka ba za a samu ƙarin jinin da ake samu a can ba. Amfaninsa shi ne sanyi da tuddai da zama da waɗanda suka fi mu sani.

Domin jawo sababbi, kowane reshe zai fara gudun kilomita 5 kyauta duk safiyar Asabar, irin tsarin parkrun da aka faro a wani lambun Landan a 2004 da mutum 13 kacal, wanda yanzu ya bazu a ƙasashe da dama. Mai tafiya da ƙafa ma yana da wuri a cikinsa, kuma wani daga cikin shugabanni ne zai riƙa zama na ƙarshe a baya.

Taron ya yi farin ciki da yadda gasannin titi ke ƙaruwa a Arewa tun bayan rabin fanfalakin da aka yi a Kaduna a Nuwamban 2020, yana kuma kira ga sauran jihohi su bi sahu. Amma yana da koke ga masu shirya gasanni gaba ɗaya. Membobinmu sun sha zuwa gasar da aka ce za a tashi da ƙarfe shida da rabi, a tsaya jiran manyan baƙi har rana ta take. Sun sha isa tashar ruwa su tarar an kwashe tebura, saboda na gaba sun wuce tun da daɗewa. Sun sha ƙarasa gudu cikin cunkoson motoci bayan an buɗe hanya. Jama'ar da ke baya su ne mafi yawa a kowace gasa, su suka fi daɗewa a rana, kuma su ne suka fi buƙatar ruwa da likita. Muna roƙon a tashi kan lokaci, a auna hanya bisa ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, a ajiye ruwa aƙalla kowane kilomita 5 har sai na ƙarshe ya wuce, a kuma sanar da lokacin buɗe hanya tun kafin a karɓi kuɗin rajista. Ƙungiya za ta riƙa tattara rahoton membobi bayan kowace gasa, kuma ba za ta sake kai tawaga inda aka yi sakaci da lafiyar mutane ba sai an gyara.

Taron ya gode wa reshen Kano bisa masauki da karamci, da likitoci da mai horarwa da suka ba da lokacinsu kyauta, da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan agaji da ke raka mu a ranakun dogon gudu, da iyalanmu da ke haƙuri da fitar asuba. An yi addu'a ga membobin da suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda ke jinya. Taro na gaba za a yi shi a Jos bayan damina, in Allah ya kai mu.

Duk memban da ke da niyyar zuwa Legas ya miƙa sunansa ga sakataren reshensa, haɗe da sakamakon awon hawan jini da na rukunin jini, kafin ƙarshen Satumba. Ba za a karɓi suna bayan an fara atisaye a Oktoba ba.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya
A madadin mahalarta taro